Rikicin Duniya Da Makomar Man Najeriya: Me Ya Sa Ganga Ta Yi Tsada Mu Koka, Ta Yi Araha Ma Mu Koka?

Duk ranar da rediyo ta ce an harba makamai a Gabas ta Tsakiya kuma farashin ɗanyen mai ya tashi, sai gardama ta kaure a teburin mai shayi, ko a Agege ne, ko Sabon Badun, ko garejin manyan motoci a Fatakwal. Wani ya ce ai kakar Najeriya ta yanke saƙa, tunda mai muke sayar wa duniya. Na kusa da shi ya ce, "Malam, leƙa gidan mai ka tambayi kuɗin lita tukuna, sannan ka dawo mu yi magana." Kowannensu yana da tasa gaskiyar, kuma a nan matsalar take.

Maganar ta shafe mu kai tsaye, mu da muke neman abinci a Kudu. Tumatir da albasar da ake saukewa a Mile 12, shanun da ake kawowa Oko-Oba da Lokpanta, duk a kan man dizal suke tahowa, wanda direbobinmu ke kira gas. Ɗan acaɓa da mai Keke da fetur suke karyawa. Ɗan canji kuwa, dalar da yake juyawa mafi yawanta daga cinikin ɗanyen mai ta shigo ƙasar, domin mai da iskar gas su ne ke kawo kaso mafi tsoka na kuɗin da Najeriya ke samu daga waje. Don haka yana da kyau mu san yadda rikicin da ke nesa da mu yake isowa aljihunmu, da kuma inda harkar ta dosa.

Farashi ba a hannunmu yake ba

An gano mai a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958, Najeriya kuma ta shiga ƙungiyar OPEC a 1971. A yau, a kasuwannin Landan da Amurka ake yanka wa ganga farashi. Ganga ɗaya lita 159 ce, da dala ake sayar da ita, kuma man da Najeriya ke haƙowa bai kai kashi biyu cikin ɗari na abin da duniya ke sha a kullum ba. Mai ɗan wannan kaso ba ya ɗaga kasuwa, ba ya sauke ta. Bi kawai yake yi.

Dubi yadda abin ya riƙa juyawa. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100, kafin Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30, tattalin arzikin Najeriya ya shiga mawuyacin hali a shekarar. A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, ta yi ƙasa da dala 20. Da Rasha ta kutsa Yukren a Fabrairun 2022, cikin 'yan makonni ta haura dala 120. A Afrilun 2025 Shugaba Trump ya ƙaƙaba wa kayan ƙasashen duniya sabon haraji, a daidai lokacin da Saudiyya da Rasha da sauran ƙawayensu suka yanke shawarar ƙara yawan man da suke fitarwa, sai ganga ta gangaro wajen dala 60. Wata biyu bayan haka, a yaƙin kwana 12 tsakanin Isra'ila da Iran, ta yunƙura ta doshi dala 80, ana tsagaita wuta ta koma ƙasa.

Abin da ya sa rikicin Iran ke firgita kasuwa shi ne mashigin Hormuz, wani ɗan siririn ruwa tsakanin Iran da Oman. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke amfani da shi ta nan yake bi, daga Saudiyya, Iraƙi, Kuwait da Daular Larabawa, haɗe da iskar gas ta Qatar. Jita-jitar rufe shi kaɗai ta isa ta ɗaga farashi. Haka ma hare-haren da 'yan Huthi na Yaman suka fara kai wa jiragen ruwa a Bahar Maliya tun ƙarshen 2023, waɗanda suka tilasta wa jirage da yawa zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu, kuɗin dako ya ƙaru.

A nan Najeriya tana da wata sa'a ta wuri. Manmu daga Bonny, Forcados, Escravos da Qua Iboe ake loda shi, kai tsaye cikin Tekun Atlantika, ba ya bi ta Hormuz, ba ya bi ta Bahar Maliya kafin ya isa Turai. Ga shi kuma ba shi da kauri, sinadarin farar wuta kaɗan ne a cikinsa, matatu na son sa don sauƙin tacewa. Duk lokacin da waccan hanya ta rikice, masu saye kan waiwayo Afirka ta Yamma. Tambayar ita ce: in sun waiwayo, muna da man da za mu ba su?

Darasin 2022

Shekarar 2022 ta amsa wannan tambaya. Ganga ta yi tsadar da ba ta yi ba cikin shekaru, Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa suka tara kuɗi na fitar hankali. Najeriya kuwa a watannin Agusta da Satumba na shekarar, ɗanyen man da take haƙowa ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana, ƙasar da a wajajen 2005 take fitar da kusan miliyan biyu da rabi. Ɓarayin mai sun huda bututai, wasu manyan layukan sun tsaya cak, kamfanoni sun rufe rijiyoyi don asarar ta yi yawa. A watan Agustan ne gwamnati ta ba kamfanin Tantita, mai alaƙa da tsohon jagoran tsagerun Neja Delta, Tompolo, kwangilar gadin bututai.

Ɗan abin da aka sayar kuma tallafin fetur ya lanƙwame. Matatun gwamnati huɗu, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, waɗanda a takarda za su iya tace ganga 445,000 a rana, duk a kwance suke, sai an shigo da tataccen mai daga Turai da dala. Ganga na tsada, kuɗin tallafi na ƙaruwa. Kamfanin NNPC da kansa ya ce tallafin ya ci fiye da naira tiriliyan 4 a shekarar. Dizal kuwa, da yake tun tuni aka sakar wa kasuwa farashinsa, ya tashi daga wajen naira 300 a farkon shekarar ya doshi 800. Duk wanda ya ɗauki hayar tirela daga Kano ko Sakkwato zuwa Legas a lokacin ya san yadda kuɗin mota ya koma.

Wato a shekarar da mai ya yi tsada sosai, gwamnati ba ta samu ba, talaka kuma ya biya. Farashi mai kyau ba ya amfanar wanda ba shi da kayan sayarwa.

Abin da ya canza tun 2023

A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 aka sakar wa naira mara, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati, ta kai ga haura 1,500.

Ma'anar wannan ga mai karatu ita ce, katangar da ke tsakaninsa da kasuwar duniya ta faɗi. Yanzu abu biyu ne ke yanka kuɗin lita: farashin ganga da dala, da kuma farashin dala da naira. In rikici ya ɗaga ganga, gwamnati za ta samu ƙarin kuɗi, kai kuma za ka ji a gidan mai cikin 'yan kwanaki. In ganga ta faɗi, ya kamata lita ta sauko, amma dalar da ke shigowa ƙasar za ta ragu, in kuma ta ragu sosai naira ta yi rauni, saukin da ka sa rai ya bi ta can. Shi ya sa ake kuka ta kowane ɓangare.

Kasafin kuɗin 2025 ya nuna yadda lissafin yake. An gina shi a kan ganga dala 75 da haƙo ganga miliyan 2.06 a rana. In ka buga, kimanin dala miliyan 154 ke nan a kullum. To a ce ganga ta tsaya a dala 65, haƙo kuma a miliyan 1.6, wanda ya fi kusa da abin da aka gani a yawancin watannin shekarar: dala miliyan 104 ke nan. Gibin dala miliyan 50 a kowace rana. Ba duka ne rabon gwamnati ba, kamfanoni na da nasu kason, amma ka lura da abu ɗaya: in ka raba gibin gida biyu, ƙarancin gangunan ya fi faɗuwar farashin yin ɓarna. Farashin ba namu ba ne, amma yawan gangunan a hannunmu yake.

Akwai kuma man da aka ci kuɗinsa tun kafin a haƙo shi. Bashin dala biliyan 3.3 da NNPC ya karɓo ta hannun bankin Afreximbank bayan cire tallafi, da ɗanyen mai ake biyan sa. Irin waɗannan gangunan ko farashi ya tashi, ba sabuwar dala za su kawo ba.

Manyan kamfanoni sun bar tudu sun koma teku

Wani babban sauyi da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ficewar manyan kamfanonin waje daga rijiyoyin kan tudu da na bakin ruwa. A 2024 kamfanin Eni na Italiya ya sayar wa Oando reshensa na Agip, ExxonMobil ya sayar wa Seplat nasa a kan dala biliyan 1.28, sannan a Maris 2025 Shell ya miƙa reshensa na kan tudu ga gamayyar Renaissance, wadda mafi yawan kamfanonin cikinta na 'yan Najeriya ne. Sata, fasa bututu, shari'o'in gurɓata muhalli da rikici da al'ummomi sun gajiyar da su.

Ba barin ƙasar suka yi ba. Shell ɗin nan a Disambar 2024 ya amince da zuba kimanin dala biliyan 5 a filin Bonga ta Arewa, can cikin teku mai zurfi inda ɓarawo ba ya iya kai kwalekwalensa. Abin da ya rage a gani shi ne ko kamfanonin gida za su samu jarin gyara tsofaffin bututan da suka gada, a lokacin da bankunan Turai da yawa ke ɗari-ɗari da ba da bashin harkar mai saboda matsin lambar sauyin yanayi. Dokar masana'antar man fetur da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2021 ta ware kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanarwar kamfanoni ga al'ummomin da ake haƙo mai a yankinsu, da fatan in sun ga amfani za su kare bututan. Siyasar yankin ma tana da tasiri: a Maris 2025, bayan fashewar da aka samu a bututun da ke kai mai Bonny, aka sa dokar ta-ɓaci ta wata shida a jihar Ribas.

Ga kuma gasa. A da Amurka kan sayi fiye da ganga miliyan ɗaya a rana daga Najeriya. Da ta gano dabarar tatso mai daga cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, a Yulin 2014 ko ganga ɗaya ba ta saya daga gare mu ba, yau kuma ita ce kan gaba a duniya da fiye da ganga miliyan 13 a rana. Indiya, wadda ta kasance babbar kwastomarmu, ta karkata ga man Rasha mai rangwame tun 2022. Ƙasar Guyana a Kudancin Amurka, da ta fara haƙo mai a ƙarshen 2019, ta riga ta haura ganga 600,000 a rana. Mai jari yana da zaɓi, kuma inda babu ciwon kai zai kai kuɗinsa.

Matatar Dangote: sauƙi, amma ba garkuwa ba

Matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da dizal da man jirgi a farkon 2024, fetur kuma a Satumbar shekarar. Tasirinta ya bayyana nan da nan: dizal da ya kai wajen naira 1,600 ta saukar da shi zuwa 1,200, daga baya 1,000 a bakin matata. Dalar da ake kwasa ana shigo da tataccen mai ta ragu, har ma matatar ta fara sayar wa ƙasashen waje.

Sai dai kar a ɗauka don a Legas ake tacewa, rikicin Hormuz ya daina shafarmu. Ɗanyen man da matatar ke saye, ko na Najeriya ne, da farashin duniya ake lissafa shi. Tsarin sayar mata da ɗanyen mai da naira, wanda aka fara a Oktoban 2024, ya rage mata neman dala ne kawai, kuma ko shi ya samu tangarɗa a Maris 2025 kafin gwamnati ta ce a ci gaba. Ga shi man gida bai ishe ta ba, har daga Amurka take shigo da ɗanye. Wannan ya sake dawo da mu kan maganar yawan ganguna: in haƙo bai ƙaru ba, duk gangar da aka ba matata an rage ta ne daga wadda za a fitar a samo dala. Matatun gwamnati kuwa, ta Fatakwal da aka yi bikin tayar da ita a Nuwamban 2024 an sake rufe ta a Mayun 2025.

Akwai ɓangaren da ya shafi 'yan'uwanmu direbobin tanka. Shekara da shekaru, daga defo-defo na Apapa ake lodin man da aka shigo da shi. Yanzu lodi na komawa Lekki, kamfanin kuma ya sayo motoci 4,000 masu amfani da iskar gas don kai mai gidajen mai da kansa, abin da ya jawo takun-saƙa da ƙungiyar NUPENG a Satumbar 2025. Duk mai cin abinci a harkar tanka, daga mai mota zuwa yaron mota da mai sayar da abinci a bakin gareji, ya kamata ya sa ido a kan wannan sauyi.

Iskar gas: dama mai wa'adi

In ana maganar gobe, iskar gas ta fi ɗanyen mai alƙawari. Najeriya na da ajiyar mai kimanin ganga biliyan 37, amma a iskar gas ita ce ta ɗaya a Afirka, da fiye da kafa tiriliyan 200. Kafin yaƙin Yukren, kusan kashi 40 cikin ɗari na gas ɗin da Tarayyar Turai ke shigowa da shi daga Rasha yake, kuma tun daga lokacin take neman madadi. Kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny, wanda ya fara fitar da gas a 1999, yana da ƙarfin tan miliyan 22 a shekara, ana kuma gina sashe na bakwai da zai kai shi miliyan 30.

Amma damar ba za ta jira mu ba. Amurka ta zama ta ɗaya a fitar da gas ta jirgin ruwa tun 2023, Qatar kuma tana faɗaɗa nata sosai. Manyan bututai biyu da ake ta magana a kansu sun daɗe ba su wuce takarda da yarjejeniya ba. Na farko zai ratsa Sahara ta Nijar zuwa Aljeriya, fiye da kilomita 4,000. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, rufe iyaka da ya biyo baya, ficewar Nijar daga ECOWAS, da tsamin dangantakar da aka samu tsakanin ƙasashen Sahel da Aljeriya a 2025, duk sun nuna yadda siyasa ke iya riƙe aikin. Na biyu zai bi gaɓar teku zuwa Maroko ta ƙasashe fiye da goma, an fara maganarsa tun 2016.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, aka kuma sha ɗage ranar kammala shi. In gas ya isa Kano da yawa, masana'antu da tashoshin wuta za su samu makamashi, kuma tirelar da ta taso daga Arewa za ta iya shan iskar gas a duka ƙarshen hanya biyu maimakon dizal. Gas ɗin da aka haƙo a gida aka sayar da naira, rikicin waje ba ya girgiza shi kamar yadda yake girgiza dizal.

To me za a sa wa ido?

Ba wanda zai iya gaya maka nawa ganga za ta kai nan da wata shida, domin ya dogara da abin da za a yanke a Washington, Moscow, Riyadh da Tehran. Abin da za ka iya bi shi ne alƙaluma uku da ake faɗa a labarai. Na farko farashin ganga. Na biyu yawan gangunan da Najeriya ta haƙo a wata, wanda hukumar NUPRC da OPEC ke fitarwa. Kason da OPEC ta ware mana ganga miliyan 1.5 ne a rana, kuma mun daɗe muna fama kafin mu cika shi. Na uku farashin dala.

In ganga ta tashi, haƙo ma ya tashi, naira za ta samu ƙarfi ta rage zafin tsadar lita. In ganga ta tashi haƙo ya tsaya, to shirya wa ƙarin kuɗin mota ba tare da wani sauƙi ba, kamar 2022. In ganga ta faɗi haƙo ma ya faɗi, ɗan canji ne zai fara gani, sai mai shigo da kaya, sai kowa. Mai ɗauko kaya daga Arewa da ya ji rikici ya ɓarke ganga ta yi sama, gara ya sake zama da direba a kan kuɗin mota tun kafin a yi lodi, kar sai kaya sun iso kasuwa ya tarar ribar ta ƙare a hanya.